Kwanon shayin da ake cewa shi ya haifi gyaran zinare, alhali ko ɗigon zinare babu a jikinsa

A gidan tarihi na ƙasa da ke unguwar Ueno a birnin Tokyo akwai wani ɗan kwanon tangaran da ake ajiye da shi, in ka ɗauke shi tafukan hannunka biyu sun isa su rungume shi, tsayinsa santimita 9.6 faɗin bakinsa kuma 15.4, launinsa tsakanin kore ne da shuɗi irin na sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Bakinsa akwai 'yan ƙananan lotsawa guda shida da suka sa ya yi kama da fure. In ka juya shi ka duba wajen gindi sai kaga tsaga ta zagaye shi, an bi ta an ɗaure da wasu ƙusoshin ƙarfe guda shida masu baki biyu, irin dai fil ɗin nan da ake haɗa takardu da shi a ofis amma masu kauri, duk sun yi baƙi. Sunan kwanon Bakohan, kuma gwamnatin Japan ta saka shi cikin jerin muhimman kayan al'adu na ƙasa.

Toh wannan kwanon shi ne ake jingina wa asalin kintsugi, wato sana'ar nan ta Japanawa ta haɗa fasasshen tangaran a bi layin fashewar da zinare, ko kuma da azurfa wanda shi suke ce wa gintsugi. Duk mai bada labarin kintsugi, musamman masu lacca ɗin nan na ƙarfafa gwiwa da suke cewa ai kaima in rayuwa ta fasa ka sai ka dawo da zinare, da wannan labarin suke farawa: wai wani sarkin yaƙin Japan ne kwanonsa ya fashe ya aika da shi ƙasar Sin a gyara, aka dawo masa da shi da munanan ƙusoshi, ransa ya ɓaci, sai masu sana'ar ƙasarsa suka zauna suka ƙirƙiro gyara da zinare. Labarin yana da daɗi a kunne gaskiya. Matsalar kawai ita ce kwanon yana nan bai ɓata ba, takardar da ta bada labarinsa ma tana nan, kuma su biyun ba abin da suke faɗa kenan ba.

Bari mu fara da shi kwanon kansa. An gasa shi ne a Longquan, cikin duwatsun kudu maso yammacin lardin Zhejiang a ƙasar Sin, a ƙarni na 13 lokacin daular Song ta Kudu wadda ta yi mulki daga 1127 zuwa 1279. Yanzu in akace maka abu ɗan Caina ne sai ka fara tunanin kwana nawa zai yi, amma a wancan zamanin kayan Sin su ne ƙarshen kaya a duniya, kuma koren tangaran na Longquan har Masar da gaɓar gabashin Afirka ya je. Akwai wani jirgin ruwa da ya nutse a gaɓar Sinan ta Koriya a 1323 yana hanyarsa daga Ningbo ta ƙasar Sin zuwa Japan, da aka tono shi tsakanin 1976 da 1984 an samu tangaran sama da 20,000 a ciki kuma fiye da rabinsu na Longquan ne, kaga kenan yadda Japanawa suke rububin kayan. Sirrin launin ɗan ƙarfe ne kaɗan a cikin ruwan sheƙin da ake shafa wa kwanon, sai a gasa shi a wuta mai zafin da ya haura digiri 1,200 a kuma shaƙe wa wutar iska, to maimakon ya yi ja ko ruwan ƙasa sai ya koma kore-shuɗi. Su kuma maginan Song ta Kudu abin da suka fi kowa shi ne jikin kwanon su yi shi siriri sosai, sheƙin kuma su yi ta shafawa hawa-hawa har ya yi kauri, shi ya sa in haske ya dake shi kamar ya nutse a ciki. Irin wannan aikin kuwa yawanci asara ake, sai a cika tanderu guda a fito da 'yan kaɗan masu kyau.

Labarin yadda ya zo Japan da abin da ya same shi, tushensa takarda ɗaya ce, wadda wani malami masanin koyarwar Confucius a Kyoto mai suna Ito Togai ya rubuta a 1727. A cewarsa, wajen 1175 wani babban basarake Taira no Shigemori ya aika da sadakar zinare zuwa wani wurin ibadar mabiya Buddha a dutsen Yuwang can Zhejiang, shi kuma shugaban wurin mai suna Bussho ya aiko masa da wannan kwanon tukwici. Nan ma akwai gyara, don Shigemori ya mutu tun 1179, su kuma masana tangaran sun ce ƙirar kwanon da irin sheƙinsa na ƙarni na 13 ne, wato mutumin da akace an ba shi kyautar ya bar duniya tun kafin a gasa kwanon. Ni dai ban ga laifin Togai sosai ba, tsakaninsa da 1175 shekara 552 ne, abin da masu kwanon suka gada a baki shi ya rubuta musu, kuma duk gidan da ke da kayan gado ai ka san yadda ake ƙara wa labari gishiri.

Sai zancen ya zo kan Ashikaga Yoshimasa, sarkin yaƙin nan da masu lacca suke nufi. Shi ne shogun na takwas a gidan Ashikaga, shogun kuwa shi ne sarkin yaƙin da ainihin mulki ke hannunsa yayin da babban sarki ke zaune a fada ana girmama shi. An haife shi 1436, ya hau 1449, ya sauka 1473, ya mutu 1490. In maganar mulki ake wallahi mutumin nan ba abin yabo, a zamaninsa aka yi wata muguwar yunwa wajen 1460 da 1461 mutane suka yi ta mutuwa a titunan Kyoto, sannan rigimar wa zai gaje shi tsakanin ƙaninsa da ɗansa ta shiga cikin abubuwan da suka hura Yaƙin Onin wanda aka shekara goma ana yi daga 1467 zuwa 1477 har aka ƙone galibin birnin, shi kuma oga hankalinsa na kan zane-zane da lambu da turare da shayi. Amma in maganar ido ake, na gane abu mai kyau, to nan kam ba a ja da shi. Yana da ma'aikata na musamman irin su Noami da jikansa Soami waɗanda aikinsu kenan tantance kayan Sin, wannan na ɗaya ne wannan na biyu, wannan a wane lungun ɗaki za a ajiye shi. Shi ne kuma ya fara gina gidan hutun nan na Higashiyama a 1482 wanda yau ake kira Ginkakuji, wato gidan azurfa, wanda shi ma ba a taɓa shafa masa azurfar ba. Mutumin dai kamar an rubuta masa, gidan azurfarsa ba azurfa kwanon zinarensa ba zinare.

Kwanon yana hannunsa sai aka ga tsaga a wajen gindi. Abin da mutane ke tsallakewa a nan shi ne, bisa rubutun Togai, Yoshimasa bai aika da kwanon don a gyara ba, aikawa yayi a nemo masa wani irinsa a musanya. Wato samfur ya tura, kamar yadda za ka cire fatin mota da ya lalace ka ba yaro kace je kasuwa ka samo min irin wannan sak. Kuma aiken ba ƙaramin abu bane, lokacin daular Ming ce a Sin, ba a yarda kowa ya shigo ciniki haka kawai ba sai jiragen da ke ɗauke da takardar shaida ta hukuma wadda ake haɗa rabinta da rabin da ke hannun jami'ai a tashar Ningbo, kuma irin wannan tafiyar bata kai sau 20 ba a cikin kusan shekara 150. Kenan in ka ba da aike sai ka manta da shi na wasu shekaru, in ma jirgin ya dawo.

Amsar da ta dawo daga Sin ita ce babu. Ba a ƙara yin irin wannan. Kuma ba ƙarya suka yi ba, an yi wajen shekara 200 da gasa kwanon, dauloli biyu sun shuɗe, Longquan na nan tana aiki amma kayanta sun koma masu nauyi da kaurin jiki, launin ya koma kore sosai, kasuwa kuma ta karkata Jingdezhen wajen farin tangaran mai zanen shuɗi. Tunda ba a samu madadi ba sai aka kai shi wajen mai ɗinkin tangaran ya ɗaure tsagar aka mayar wa mai shi abinsa.

Shi wannan ɗinkin kada ka raina shi don an ce masa ƙusa. Mu nan wanda ya tashi ya ga gyartai yana bin bakin fasasshiyar ƙwarya yana hudawa yana ɗinkewa har ta koma riƙe fura, zai gane tunanin, amma ita ƙwarya taushi gareta, shi kuwa tangaran ya fi ƙarfen wuƙa tauri kuma kaurin jikin irin wannan kwanon 'yan milimita ne. Mai gyaran yana amfani da wani abin huda da ake juya shi da ɗan baka mai tsirkiya, a bakinsa akwai ɗan tsinin daimon, sai ya huda rami ɗaya a wannan gefen tsagar ɗaya a wancan, kuma ramin ba zai fasa ya fita ta ciki ba, a rabi zai tsaya, in hannunsa ya zarce kaɗan shikenan ya ƙara wa kwanon wata ɓarnar. Ƙusar kuma ana yinta ta ɗan gaza tazarar ramukan biyu, ta yadda in an ƙwanƙwasa ta ta shiga sai ta dinga jan gefe biyun tana matse su, a cike bakin ramin da ɗan kwaɓin farar ƙasa da farin ƙwai. Ba gam ba danƙo, amma ka zuba tafasasshen ruwa ba zai ɗiga ba. Sinawa har karin magana garesu, wai in baka da tsinin daimon kada ka karɓi aikin tangaran, kwatankwacin namu na in baka iya kama ɓarawo ba shi sai ya kama ka. Turawa ma haka suka yi ta ɗinke farantansu har cikin ƙarni na 20 kafin gam na zamani ya kashe sana'ar.

To yanzu ga inda labarin masu lacca ya rabu da takarda. Togai bai ce ran Yoshimasa ya ɓaci ba. Cewa yayi ƙusoshin shida sun yi kama da wani ƙwaro ya lafe a jikin kwanon, kuma sai aka ga ai hakan ma ya ƙara masa armashi, daga nan ne aka raɗa masa suna. Ka duba fa, a Japan ba kowane kwano ake raɗa wa suna ba sai wanda ya kai, sunan nan shi ne kamar naɗin sarauta. Kwanon da ake ƙyama ba a raɗa masa suna, ba a ba da shi kyautar girma, shi kuwa wannan Yoshimasa ya ba likitansa Yoshida Sorin, ya zauna a zuriyarsu wato gidan Suminokura, manyan attajiran Kyoto, daga baya ya koma hannun gidan Mitsui, su kuma suka ba gidan tarihi. Duk hannayen nan da ya bi, masu kuɗi ne na gasken-gaske, kuma a lokacin na baya-bayan cikinsu gyaran zinare ya riga ya zama ruwan dare, da sun ga dama da sun sa an cire ƙusoshin an bi tsagar da zinare. Babu wanda ya taɓa su. Ni wannan ita ce hujjar da ta fi gamsar da ni.

In haka ne daga ina zinaren ya fito? Sai mun koma kan wani abu da ba a cika ambata ba saboda ba ya ƙyalli a hoto, wato urushi. Ruwan wata bishiya ce da ke fitowa a Japan da Sin da Koriya, ana tsaga bawonta kamar yadda ake tsaga dakwara don ƙaro, ruwan ya tsattsafo a kankare shi da ɗan cokali. Sai bishiya ta shekara 10 zuwa 15 kafin a taɓa ta, a yi ta tsagarta daga Yuni zuwa wajen Oktoba, duk abin da za a samu bai wuce giram 200 ba wato kamar kofin shayi ɗaya, daga nan a sare ta a jira sabon tsiro daga kututturen. Mafi yawan wanda Japan ke samarwa a gida daga Joboji yake fitowa a lardin Iwate, amma bai ko kusa isarsu ba, sama da kashi 90 cikin 100 shigo da shi suke yawanci daga Sin. Japanawa sun san wannan ruwan tun dubban shekaru, masu haƙar tarihi sun tono tukwanen zamanin Jomon da aka liƙe fashewarsu da shi. Kenan liƙe tukwane da urushi ya girmi Yoshimasa nesa ba kusa ba. Ita ma dabarar barbaɗa garin zinare a kan ɗanyen urushi, wadda suke kira maki-e, tun zamanin Heian ake yinta a jikin akwatuna da kayan fada, ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. Abubuwan biyu suna nan a ƙasa, haɗa su kawai ya rage.

Kuma abin da zai baka mamaki shi urushi ba bushewa yake irin ta fenti ba. In ka shanya shi a rana ko ka bar shi a iskar hunturu irin tamu zai yi ta zama da danƙonsa. Danshi yake so, akwai wani sinadari a cikinsa da sai ya samu laima kamar kashi 70 zuwa 85 da ɗumi na digiri ashirin da wani abu sannan yake sa shi ya daskare, shi ya sa masu aikin suke da akwatin katako da suke jiƙa cikinsa da tsumma su rufe kayan a ciki. In ya kama kuwa ya kama, ruwan zafi ko tsami ko gishiri basa yi masa komai. Ɗanyensa kuma mugu ne, in ya taɓa fatar wanda bai saba ba sai ƙuraje da kumburi da ƙaiƙayi na sati ɗaya ko biyu, wani ma wucewa kawai zai yi kusa da shi ya kwashi rabonsa.

Yadda ake aikin, da farko a wanke gutsattsarin a ɗan goge kaifin bakinsu, sai a kwaɓa fulawa da ruwa a zuba ɗanyen urushi a yi ta murzawa har ya dinga jan zare kamar cingam, wannan shi ne gam ɗin, sunansa mugi-urushi. A shafa siriri a haɗa, a ɗaure, a ajiye sati biyu ko uku wani lokacin har wata. In akwai inda ya ɓalle ya ɓata sai a cike gurbin da kwaɓin urushi da garin katako, kaɗan-kaɗan don in ka cika da yawa waje zai kama ciki ya zauna ɗanye. Sannan a bi da wani kwaɓin mai laushi na garin yumɓu mai suna sabi, a jira, a goge da gawayi da ruwa, a ja layin baƙin urushi da siririn burushi, a jira, a goge, a sake. Duk wannan ba a ga zinare ba tukuna, kuma an ci wata biyu ko uku. Sai a rana ta kusan ƙarshe a ja layi da jan urushi siriri kamar gashi, a ɗan dakata ya fara kamawa, a ɗebo garin zinare da ɗan curin siliki a shafa a hankali ya manne. Jan da ke ƙasa shi ke sa zinaren ya yi ɗumi a ido. In azurfa ce yawanci baƙi ake sa mata a ƙasa, kuma ita da shekaru take dusashewa ta koma toka-toka har baƙi, wasu ma don hakan suke zaɓarta musamman a kan farin kwano mai zanen shuɗi.

Kaga kenan zinaren ba abin da yake riƙewa. Masu cewa ana narka zinare a ɗura a tsaga basu taɓa tsayawa sun yi tunani ba, zinare sai ya haura digiri 1,000 yake narkewa, ka zuba shi a kwanon shayi ai sai dai ka tsinci gutsattsari. Fulawa da ruwan bishiya ne ke ɗauke da nauyin, zinare hula ce kawai aka ɗora a kai.

Shi haɗa abubuwan biyu kuwa ya bayyana ne sosai bayan mutuwar Yoshimasa da kusan shekara ɗari, ƙarshen ƙarni na 16 zuwa cikin na 17, lokacin da shan shayi ya zama harkar siyasa da kuɗi. Wani babban jagoran yaƙi Oda Nobunaga yana ƙwace shahararrun kayan shayi yana raba wa kwamandojinsa a madadin ƙasa, shahararren gwanin shayi Sen no Rikyu wanda ya mutu 1591 ya juyar da idon mutane daga kayan Sin masu sheƙi zuwa kwanuka marasa kwalliya, na Koriya irin na cin abincin talakawa da na gida masu kaushi. In kwano ɗaya zai iya yin kuɗin gari guda, kuma darajarsa ta dogara da hannun waye da waye ya bi, to in ya fashe ba maganar zubarwa, kuma ba ka son a ɓoye gyaran ma, don gyaran ya zama wani babi na tarihinsa. Misalin da ya kamata masu lacca su dinga kawowa shi ne Seppo, jan kwanon da Hon'ami Koetsu ya gina, mutumin da ya rayu daga 1558 zuwa 1637, wanda ke gidan tarihin Hatakeyama a Tokyo. Shi tun a cikin wuta ya tsattsage, tsaga manya-manya masu faɗi, aka cike aka bi da zinare, farin sheƙin da ya gangaro daga bakinsa aka ce dusar ƙanƙara ce a kan dutse, shi ya sa sunan nasa yake nufin ƙololuwar dutse mai ƙanƙara. Wannan kam kintsugi ne na gaske. Har abin ya kai ana ba da labarin Furuta Oribe, almajirin Rikyu, wai ya sa an yanka wani babban kwanon Koriya gida huɗu aka rage shi aka sake haɗawa, kwanon yana gidan tarihin Mitsui yanzu. Ni dai wannan na ga kamar abin ya fara zama iskanci na masu kuɗi, ka fasa lafiyayyen abu don a ce kana da mai tabo.

In ka tambaye ni da Bakohan an yi masa zinaren da ya fi kyau? Ban jin haka. Na farko shi tsagewa yayi bai rabu gida-gida ba, abin da yake buƙata a matse shi kada tsagar ta ci gaba da tafiya, aikin ƙusa kenan. Sannan tangaran mai santsi kamar gilashi urushi baya kama shi da kyau irin yadda yake kama kwanon yumɓu mai shan ruwa, sai an yi masa wasu dabaru. Ga kuma launi, wannan kore-shuɗin mai sanyi in ka ja masa layin zinare mai walƙiya idonka zai bar sheƙin ya koma kan layin, alhali sheƙin nan shi ne dalilin da yasa aka tsallaka teku da shi tun farko. Baƙin ƙarfen kuwa yana waje can ƙasa, in kana shan shayi ma ba ganinsa zaka yi ba sai dai yatsunka su ji shi. Amma fa ba zan ɓoye ba, a ma'aunin masu adana kayan tarihi na yau huda ramuka goma sha biyu a jikin kwanon ƙarni na 13 ɓarna ce da ba a iya mayarwa, yau babu gidan tarihin da zai yarda a yi haka, su ƙa'idarsu duk abin da ka liƙa ya zama wani zai iya cire shi gobe ba tare da ya ji wa kayan ciwo ba. Urushi ɗin ma a wannan ma'aunin bai tsira ba don cire shi wahala ne.

Su kuma 'yan kayan kintsugi na gaggawa da ake sayarwa yanzu a kwali, ka gama a awa biyu, galibinsu gam ne irin su Araldite da garin tagulla ko hoda mai ƙyalli, ba laifi in fulawar roba zaka saka a ciki ka ajiye a falo amma ni ba zan sha shayi mai zafi a ciki ba.

Saura maganar sunan, wadda na bari sai yanzu da gangan. Bakohan haruffan Sin uku ne, na ƙarshe yana nufin ɗauri ko abin da ya maƙale, biyun farko kuma Japanawa sun daɗe suna fassara su da babbar fara, irin babe ɗin nan, har ana cewa ka duba kaga kamar fara ta sauka a kan koren ganye, abin gwanin waƙa. Amma a bakin Sinawa wannan kalmar, mahuang, matsattsaku ce, wannan mai lafewa a ƙafa a cikin ruwa ya maƙale ta kai da ta wutsiya yana shan jini. Kuma har yau kafintoci da magina a Sin ƙusa mai baki biyu da ake haɗa katako biyu da ita ƙusar matsattsaku suke ce mata. Wato akwai yiwuwar sunan da manyan Kyoto suka yi ta jinjinawa shekara ɗaruruwa, aka rubuta masa takarda ta musamman, ba komai bane illa sunan da mai gyaran yake kiran ƙusarsa da shi a rumfarsa.